Sarautar da ke Barci a Bayan Ƙofa

Ubana bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce ƴarsa ta fari, kuma a Birnin Damagaram na wancan zamani mutumin kirki ba ya ambatar sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa dariya a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma sani daban, zuciya daban. In yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi randa ya ce, "Ashe ba kowa a gidan nan?" In na yi laifi, Inna yake gaya wa: "Ki ja wa waccan kunne." Ƙannena biyu mata kuwa har kan cinyarsa suke hawa, suna ja masa gemu, ni ina gefe ina riƙe da tsintsiya kamar ban gani ba.

Baba shi ne sarkin magina na ɓangarenmu. Ya gaji ubansa, ubansa ya gaji nasa, har zuwa wani kaka da ake cewa da hannunsa aka ɗaga ganuwa. Kada mai karatu ya zaci wata babbar daula. Sarauta ce ba doki ba gona. Abin da ke cikinta rawani ne, da kirarin da maroƙa ke yi a ƙofarmu da safiyar salla, da ɗora tubalin farko a duk ginin da za a tayar a unguwa, sai raba gardama in magina biyu sun saɓa. Kullum ƙafarsa da laka, rawanin ma yana rataye a ƙusa sai ranar Juma'a. Amma in aka ce "Sarki" a bakin zaure, yadda yake gyaran murya kafin ya amsa ya isa ya gaya maka cewa abin ba wasa ba ne a wurinsa.

Bayan mu uku Inna ta haifi namiji, ƙyanda ta ɗauke shi tun bai isa yaye ba. Daga nan haihuwa ta tsaya. Ƴan'uwa suka dami Baba ya ƙara aure, ya ce ɗaki ɗaya ya ishe shi gyara kowace damina. Ke nan kowa ya san inda rawanin zai koma: gidan ɗan ƙanen ubansa, wani saurayi mai ladabi da ya bar tubali ya zama maso, maginin zamani, a wurin Nasara, yana aiki da siman, wato siminti, da ƙarfe.

Ni kuwa Allah ya ba ni hannun Baba, faffaɗa, mai kaurin yatsu. Matan unguwa ba su da aiki sai duba shi a bakin rijiya. "Ayya, hannun Sarki sak. An yi asararsa a jikin mace." Wata tsohuwa har cewa ta yi, da na zo namiji da Sarki ya huta. Na watsa mata ruwan guga a ƙafa, na ce kuskure ne, na sha duka a gida, kuma ban yi nadama ba har yau. Sai dai maganar ta zauna mini. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu magana, ni kuwa ba ni da abin da zan gada. Tambayar da na yi ta ɗauka a ƙirji tun ina yarinya ita ce: shin shi ma asara yake ganina? Ba hanyar da zan tambaye shi, ba hanyar da zai amsa mini.

Wanda ya kawo mana labarin sarautun Ingila Kawu ne, ƙanen Inna. Kuku ne a Kano, wadda mu a nan muke ce wa ƙasar Ingilishi, yana dafa wa wani Bature abinci. Bayan kaka yake zuwa, a saman kamiyo, babbar motar gyaɗa, da takalmi sau-ciki wanda ke matse shi, ga yawan dogon Turanci. Zuwan da nake nufi, ƴan shekaru kafin ƴancin kai, ya kawo wa Inna gwangwanin biskit, ba biskit a ciki, amma da hoton wata budurwa da kambi a murfin. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba da Kawu abokan wasa ne, kamar yadda mutum yake da ƙanen matarsa, saboda haka ba a gama gaisawa ba aka fara.

"Wannan kuma ƴar wa ce ka sato?" in ji Baba.

"Ranka ya daɗe, wannan ita ce ke mulkin su maigidana duka. Sarauniya ce."

"Mace?"

"Mace. Ubanta bai bar namiji ba."

Na ga hannun Baba ya tsaya a kan murfin. Ina bakin madafi ina tankaɗe, sai na rage motsi.

Kawu ya samu wuri ya baje. Ya ce a ƙarƙashin Sarauniya sarautun gado hawa biyar ne, kamar matakalar soro. Ya lissafa su da yatsa, daga babba: Juk, Makwis, Al, Baikawun, Baron. Baba ya ce waɗannan ba sunayen sarauta ba ne, sunayen cututtukan dawaki ne. Kawu ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a can ba a taron zaɓe, ba a kai gaisuwa fada don neman rawani. Ɗan fari namiji shi ke kwashe komai, sarauta da gida da gona, ko da kuwa wawa ne. Tun uban na da rai ma ake ara masa ɗaya daga cikin ƙananan sarautun gidan ya riƙa amsawa, kamar yadda ake yi wa ɗan sarki ciroma a nan. Ƙanne kuwa sai su kama gabansu, wani soja, wani limamin coci, wani ya tsallako teku.

"Maigidana ƙane ne," in ji Kawu. "Shi ya sa yake Kano yana fama da zufa da sauro, wansa yana can yana jin daɗi."

"Allah sarki," in ji Inna. "Ashe maraya kake dafa wa abinci."

Baba bai yi dariya ba. Ya juya gwangwanin, ya sāke juya shi, sannan ya yi tambaya da murya irin ta wanda ba ruwansa da amsar. "To, in mutum bai bar namiji ba fa? Ban ce Sarauniya ba. Su ƴan matakalar."

Kawu ya ce galibi sarautar takan tsallaka gidan wani ɗan'uwa, in babu kuma ta mutu. Baba ya gyaɗa kai, wato dai ko'ina haka ne. Sai Kawu ya ɗaga yatsa. Ya ce akwai wasu tsofaffin sarautu a hawa na ƙasa, waɗanda suka fi sauran daɗewa, su hukuncinsu daban ne, kuma daga bakin maigidansa ya ji, don a dangin uwarsa aka yi. In mai irin wannan sarauta ya mutu ya bar mata zalla, ba a ba ɗan'uwa, ba a kuma cewa ta mutu. Tun da ba a fifita wata ƴa kan wata, sai a bar ta a tsakaninsu ta kwanta.

"Ta kwanta?"

"Ta yi barci, Sarki. Ba wanda ke amsa ta, ba wanda ya isa ya taɓa ta. Tana nan cikin jinin ƴaƴan nan mata, tana bin ƴaƴansu da jikokinsu. Wata sai ta shekara ɗari, ko fiye. Ran nan sai wani jika ya taso ya ce ga asalina, mai mulki ya duba, ya tashe ta, ya ba shi."

"Ƙarya kake yi," in ji Baba a hankali.

"Na rantse da girman rawaninka da ke kan ƙusa."

Aka yi dariya, aka shiga wata hira, ta kuɗin gyaɗa da ƴan siyasa. Amma ni na ga abin da ba su gani ba. Da zai tashi zuwa masallaci, Baba ya dubi inda nake, bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba a kan rariya, sannan ya sa takalmi ya fita.

Ashe ya ɗauki maganar da gaske. Ranar wata Juma'a ya naɗa rawani ya tafi wurin wani tsohon bafade, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ke da bakin magana a fada. Inna ce ta ba ni labari daga baya, tana dariya tana share ido. Wai Baba ya zauna ya yi dogon sharhi a kan Ingila, sannan ya roƙi a isar masa da buƙata: in ya mutu kada a naɗa kowa, a kwantar da sarautar magina har ɗaya daga cikin ƴaƴansa ta haifi namiji ya girma. Bafaden ya saurare shi har ƙarshe, don mutumin kirki ne. Sannan ya ce, "Sarki, sarauta jaririya ce da za a goya ta ta yi barci? A garin nan rawani ba ya kwana a ƙusa. In ka tafi, wa zai ɗora tubalin farko? Magina su jira jikanka ya yi gemu?" Ya ba shi goro, ya rako shi har bakin hanya, ya roƙe shi kada ya sāke faɗa wa kowa, don kada a ce tsufa ya taɓa shi.

Baba ya dawo, ya rataye rawani, bai ci tuwon rana ba. Na ji haushin bafaden, na ji haushin Kawu da dogon bakinsa, na fi jin haushin kaina. Da ba don ni ba, na ce a raina, da tsoho bai je ya zubar da girmansa ba.

Bayan shekara aka yi mini aure da wani baduku a unguwar Zango, mutum mai sanyin hali wanda ya iya jure bakina. Lokacin gari ya cika da siyasa. Yau a ce a jefa ƙuri'ar i, gobe a ce a jefa ta a'a, wasu samari na cewa in Nasara ya tafi sarautun gargajiya ma za su bi shi. Aikin tubali ya ja baya, duk wanda ya samu kuɗi siman yake so da kwano. Idon Baba kuma ya fara yin hazo, har sai ya laluba bango kafin ya gane inda ya tsage. In na zo gaida su, nakan durƙusa nesa, ya amsa yana kallon wani wuri, kamar kullum.

Da na samu ciki sai na kama addu'a guda ɗaya, dare da rana: Allah ka ba ni namiji. Ban yi don mijina ba, shi ko me aka ba shi godiya zai yi. Na yi don in biya ubana abin da nake ganin na hana shi ranar da aka haife ni. Ko fada ba ta yarda da barci ba, in dai ya ga jika namiji da idonsa kafin ya rufe, na san zai tafi da sanyin zuciya.

Al'ada ce haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Ni an maido ni da wuri, tun bazara, saboda laulayi ya sa ni gaba. Na iske sabon ɗaki a kusurwar gidanmu, inda dā ake ɗaure akuya. Inna ta ce tun ranar da ta raɗa wa Baba labarin cikin ya fara buga tubali, bai ce don wa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Bango ya tashi, an ɗora azara an rufe, saura yaɓen ciki. Ya sallami duk masu taya shi, ya ce wannan shi kaɗai zai yi.

Washegari da hantsi ina zaune a inuwar bangon ina ɓarar gyaɗa, daf da ƙofar sabon ɗakin, sai na ji yana magana a ciki. Na zaci baƙo ne. Na leƙa, ba kowa. Da bango yake magana.

"Kai bango," in ji shi, "ka san dai ba a yaɓa maka ƙasar da aka kwaɓa yau. Sai ta kwana ta sha ruwa, ta ruɓa, ta yi wari. Mai gaggawa ba ya gini."

Na ci gaba da ɓara. Ya ɗebo laka, na ji ya maka ta.

"Kuma ba da yatsu ake shafa ka ba, da gindin tafi ne. Daga ƙasa a yi sama. In aka yi daga sama a yi ƙasa, damina ɗaya ka zubar."

Sai na gane. Na ja kwaryar gyaɗa na matsa inda zan ga hannunsa ta bakin ƙofa, shi kuma ya gyara tsayuwa ya ba ƙofar gefe, don kada bayansa ya tare. Ba wanda ya dubi wani. Haka muka yi ta yi kowace safiya har aka kusa gama ɗakin. Ya gaya wa bango yadda ake gane ƙasa mai kyau da ɗanɗano a harshe. Ya gaya masa yawan ciyawar da ake zubawa, da dalilin da ya sa ake karkata indararo nesa da gindin gini. Ya ba shi labarin ubansa, wanda ya faɗo daga kan soro ya tashi ya tambayi ina hularsa, da kakansa mai faɗa wanda ke rushe aikin yini guda in ya ga ya karkace da faɗin yatsa. Ban taɓa jin muryar Baba da tsawo haka ba. Inna in ta wuce sai ta ce, "Wannan bango ya ga gata," ta yi gaba abinta.

Ranar ƙarshe ya tsuguna a bayan inda ƙyaure zai tsaya, can ƙasa, wurin da ba mai dubawa. Ya rage murya har sai da na bar ɓarar gyaɗa.

"Kai bango, yanzu zan sa maka abin gidanmu. Duk ɗakin da ubana ya gina yana da shi, da na kakana. Ba a nuna wa leburori, ba a nuna wa ɗan'uwa. Wanda zai gaji mutum kaɗai ake nuna wa."

Ya sa yatsu uku a ɗanyen yaɓe ya ja su a lanƙwashe, kamar jinjirin wata, sannan ya danna babban yatsa a cikin lanƙwasar. Ya yi shi sannu sannu, ya shafe, ya sāke yi, don bango ya gani da kyau. Sai ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Ga wani ɗan wuri nan kusa da shi ban shafe ba," ya ce. "Idona ba ya kaiwa can. Ga sauran laka a kwarya. Bari in je azahar."

Ya wanke hannu ya fita. Na daɗe zaune. Sannan na tashi da ƙaton cikina na shiga, na durƙusa da ƙyar. Wurin bai fi faɗin faifai ba. Na ɗebo laka, sanyinta ya ratsa ni, na maka, na shafa da gindin tafi daga ƙasa zuwa sama. Da ya yi sumul na sa yatsu uku na ja, na danna babban yatsa. Na fito na wanke hannu har da toka, na koma kan gyaɗata kamar ba ni ba.

Da ya dawo bai tsaya ko'ina ba sai bayan ƙofa. Ina jin numfashinsa da ya tsuguna. Ya laluba nasa, ya laluba na kusa da shi. Na fara tsoron ko na ɓata. Can ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi in an kira shi Sarki.

"To," ya ce wa bango. "To, madalla."

Abin da na samu ke nan, kuma na yi murna da shi ƙwarai. Amma da na kwanta ina tunani sai murnar ta ragu. Na ce ai ba ni ya koya wa ba. Ajiya ya ba ni in riƙe wa wanda ke cikina, kamar yadda ake ba mutum tulu ya kai wani gida. In namiji ne, ajiya ta isa. In mace ce, na sāke yi masa asara, karo na biyu.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ita ce shekarar da aka samu ƴancin kai. Ina jin ganguna daga nesa, ƙannena suka je suka ga ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, suna maci da sabuwar tuta, suka dawo suna ba da labari har da ƙari. Ni ba abin da ya dame ni sai nauyin jikina. Ba a daɗe ba, wata safiya ana yayyafi, naƙuda ta kama ni a sabon ɗaki. Ruwa ya ƙaru, ko ɗigo bai shigo ba. Kafin azahar na sauka. Ungozoma ta ɗaga jaririya ta ce, "Masha Allah, an samu mai tuwo."

Na juya fuskata bango. Matan da ke wurin suka yaba, wai ga yarinya mai kunya, ko kallon ƴar fari ba ta yi. Ba su san kuka nake ba. Inna ce kaɗai ta sani, ta matse mini ƙafa ta ce in gode wa Allah. Na tambaye ta a raɗa me Baba ya ce da aka gaya masa. Ta ce ya ce alhamdulillahi, ya aika a sayo goro. Wannan kowa ma zai faɗa.

Har aka yi suna ban sa shi a ido ba. Ina wankan jego, shi yana zaure da baƙi. Kwana biyu bayan taro ya watse, da hantsi, rana ta fito bayan ruwa, na ji takunsa da sandarsa sun nufo ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce da Inna, "Ina amaryar tawa? An ɓoye mini ita don ba ni da kuɗi?"

Abin da al'ada ta hana tsakanin uba da ƴar fari, ta sake shi tsakanin kaka da jika. Jika mace matar kakanta ce a wasa, ba kunya ba shamaki. Inna ta miƙa masa ita. Ya zauna a dokin ƙofa, ya ba ni baya, ni ina kan gado na ja mayafi na rufe kai. Ya yi ta tsokanarta. Wai ta cika baƙi, wai hancinta na mutanen Zango ne, wai shi sai an rage masa sadaki. Sai ya laluba ya kamo ɗan hannunta, ya buɗe shi a kan babban yatsansa, ya daɗe yana shafawa.

"A'a," ya ce. "Kin ga hannu. Ke ma?"

Inna ta tashi ta ce za ta duba tukunya, ta bar mu.

"Amarya," in ji Baba, muryarsa ta sauka, "matso in ba ki saƙo, tun da ke ba kunya tsakaninmu. An ce mini wata a gidan nan tana kuka don kin zo mace. Ki gaya mata ta bari. Kawunta ya ce a Ingila sai abu ya shekara ɗari yana barci, ba wanda ya ce ya ɓata. Mu muna gaggawar me? Rawani kuwa tsumma ne, su kai shi inda suka ga dama."

Jaririya ta yi ɗan motsi, ya jijjiga ta.

"Ki kuma gaya mata, ranar da aka haife ta ina kan wani soro a bakin kasuwa. Da aka kawo mini labari ban bi ta tsani ba, tsalle na yi. Ƙafar nan da nake ɗingisawa in sanyi ya zo, tata ce. Ban taɓa gaya wa kowa ba, na ce musu zamewa na yi." Ya gyara mata kwanciya a cinyarsa. "Ki ce mata na ji abin da matan rijiya ke faɗi. Da za a kawo mini maza goma a ce in ba da ita, ba zan karɓa ba. Ban taɓa ganin ta asara ba, ko na yini ɗaya. Kin riƙe? To, ki faɗa mata yadda na faɗa, kada ki rage."

Na cusa bakin mayafi a bakina don kada sauti ya fita. Ban ce komai ba, ba a cewa. Ya ɗan jira, kamar mai ba manzo lokaci ya isar da saƙo, sannan ya kira Inna ta karɓi amaryarsa, ya ce ta yi masa fitsari a riga, ya fasa auren.

Baba ya rasu da rani mai zuwa. Ba a yi sadakar arba'in ba aka naɗa ɗan'uwan nan maso, kamar yadda bafade ya faɗa. Ya zo har gida ya durƙusa gaban Inna, ya riƙe mu da mutunci har ƙarshen ransa, ba ni da abin da zan ce da shi sai alheri. Maroƙa suka koma ƙofarsa. Safiyar sallar farko da ƙofarmu ta yi tsit, na yi kuka, amma ba irin kukan dā ba.

Ni ma ban taɓa kiran sunan ƴar nan tawa ba. Na haifi wasu bayanta, maza da mata, ba wanda ya ɗauki tubali, kuma ban tilasta wa kowa ba. Da lokacin haihuwarta ta fari ya yi, a ɗakin nan ta sauka, don ni nake yaɓe shi da hannuna kowace shekara kafin ruwa. Mace ta haifa. Kawu, wanda a lokacin ya tsufa har ba ya gane mutane sosai, da aka gaya masa sai ya ce wannan barci ya fi na Ingila nauyi.

Bayan suna na shiga da hantsi, na ɗauki jaririyar, na zauna a dokin ƙofa na ba uwarta baya. Na buɗe ɗan hannun a kan yatsana. Na ce, "Ke kishiya, matso in ba ki saƙo." Na ji motsin mayafi a bayana, an ja shi an rufe kai. Sai na tura ƙyauren da ƙafa don haske ya kai can ƙasa, inda zanen nan biyu suke gefe da gefe, na fara tun daga ranar da Kawu ya zo da gwangwani.